Yadda Malamin Ƙauye Zai Koya wa Yara Tarihin Jaruman da ke Jikin Jakunkunansu

Duk malamin da ke tsayawa a bakin aji da safe a firamaren karkarar Kano ko Jigawa ya saba da jar fuskar nan mai manyan fararen idanu. Tana jikin jakar makaranta, tana jikin rigar gwanjon da aka sayo ranar Juma'a a Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari, wani lokaci har a kan silifas da gorar ruwa. Yara suna ce masa Sifaida, wato Spider-Man. Sun san Batman mai alamar jemage a ƙirji, sun san Superman mai jan mayafi da ke tashi sama, kuma da yawansu sun gan su a wayar yayyensu bayan an yi turi a shagon caji. Amma idan ka tambayi wanda ya ƙirƙiro su, da lokacin da aka yi, da dalilin da ya sa hotonsu ya iso ƙauyen da ko wutar lantarki babu, sai aji ya yi tsit. Wani ɗan aji biyar ya taɓa gaya mini, har zuciyarsa, cewa mutumin yana nan da ransa a wani gari na Amurka. Amsar nan ce ta sa na tsara darasin da zan bayyana, domin yaro ya gane cewa shaharar jaruman nan aikin mutane ce, sun gina ta a hankali cikin shekara tamanin, kuma ana iya bin sawunta kamar yadda ake bin sawun dabba a burtali.

Darasin ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma zama huɗu na kamar minti arba'in ya isa. Ka saka shi bayan kaka, lokacin da aikin gona ya ragu, yara suka dawo aji da yawansu. Kayan da ake buƙata ba su wuce toka, kwalaye, gawayi ko alli, tsakuwa, da takardun buhun siminti da aka kakkaɓe ba.

Kafin komai, ka nemi yardar hedimasta, sannan ka je gaida liman ko malamin Islamiyyar garin. Kada ka raina wannan zuwa. Maganar zanen mai rai magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma idan yaro ya koma gida ya ce malam yana koya musu labarin mutumin da ke tashi sama, uban zai fahimci abin daban da yadda kake nufi. Ka ce da liman: "Allah ya gafarta Malam, hotunan nan sun riga sun shigo gidajenmu a jikin tufafin yara, ina so in nuna musu cewa ƙirƙira ce ta mutane, in kuma gaya musu yadda aka yi ta bazu." Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi wannan ba, kuma sau da yawa shi zai nuna maka iyakar da ya kamata ka tsaya a wajen zane, ka karɓa ka yi aiki da ita.

A zama na farko ka sa kowa ya kawo abin da yake da shi mai hoton jarumi, a jera su a gaban allo, a ƙirga wanda ya fi yawa. Sai ka sa su binciki ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga ko cikin jaka, su karanta sunan ƙasar da aka yi kayan. Ka rubuta tambayoyi uku a allo ka bar su ba amsa: a ina aka fara ganin wannan mutum, wa ya zana shi, kuma ta wace hanya ya iso nan? Kada ka yi gaggawar ba da amsa. Ka bar su su kai tambayoyin gida, domin yaron da ya kwana da tambaya ya fi riƙe amsarta.

Zama na biyu shi ne zuciyar darasin, kuma a fili ake yin sa. Ka ja layi da toka tun daga gindin wata bishiya, kowane taku ɗaya na yaro ya zama shekara ɗaya. Gindin bishiyar shi ne 1934, ƙarshen layin 2019, taku 85 ke nan. A kowace shekara mai muhimmanci ka tsayar da yaro riƙe da kwali, tarihin jaruman a hannun dama na layin, tarihinmu a hannun hagu. Wannan haɗin shi ke sa shekarun su zauna a kan yaro, domin 1962 ba ta da ma'ana a wurinsa sai ya ji cewa shekara biyu ce bayan samun 'yancin kai.

Na fara da 1934 ne da gangan, saboda a shekarar aka buga Ganɗoki na Bello Kagara, labarin sadaukin da ya yi yaƙi da Turawa har ya shiga duniyar aljannu. Yana da kyau yara su ga nasu a tsaye a gindin bishiya kafin kowa ya iso. Taku huɗu gaba sai 1938, shekarar da Superman ya fito a fitowar farko ta mujallar Action Comics, yana ɗage da mota a bangon. Samari biyu ne daga birnin Cleveland suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, kuma sun shafe shekaru ana mayar musu da aikinsu kafin a karɓa. Mujallar sent 10 ake sayar da ita, a kan takarda mai arha, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. A farkon labarin ma ba ya tashi sama, tsalle yake yi mai nisa. Tashin daga baya ya zo. Taku ɗaya kuma sai 1939, Batman ya fito a Detective Comics ta 27, kuma a hannun hagu ka tsayar da yaro da kwalin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na wannan shekarar. Ka nuna musu cewa a can da nan duka, takarda mai arha ce ta kai karatu hannun talaka.

A 1940 ka ɗan daɗe, domin a nan ne abin ya fara fita daga takarda. A shekarar aka soma wasan kwaikwayon Superman a rediyo, aka ci gaba da shi fiye da shekara goma. Yaran ƙauye ba sa buƙatar dogon bayani a kan ƙarfin rediyo, tunda sun ga yadda iyayensu ke kewaye akwati da safe da yamma, kuma sun san muryoyin da ba su taɓa ganin masu su ba. Wanda bai iya karatu ba, ko ba shi da kuɗin mujalla, yanzu ya san sunan. A 1941 sai ga Captain America, wanda bangon fitowarsa ta farko ya nuna shi yana naushin Hitler, sai kuma Wonder Woman. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara musu kasuwa ƙwarai, saboda sojoji da yara duk suna son labarin da mugu ke shan kashi.

Daga nan ka sa yaran su yi tafiya a hankali, domin shekarun da suka biyo baya na koma-baya ne, kuma wannan shi ne abin da ba wanda yake gaya musu. Da yaƙi ya ƙare sai mutane suka juya ga labaran soyayya da na ɓarayi da na ban tsoro, jarumai da yawa suka ɓace, aka bar Superman da Batman da Wonder Woman da 'yan kaɗan. A ƙarshen shekarun 1940 har tara mujallun aka yi a wasu garuruwa aka cinna musu wuta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya buga littafi yana cewa mujallun zane suna lalata tarbiyyar yara, wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan batun, su kuma kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu da kansu don kada gwamnati ta riga su. A nan ka tambayi yaran ko sun taɓa jin manya suna kokawa da wani fim ko littafi. Za su ba ka misalai, kai kuma ka gaya musu cewa Kano ma ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Ni a ganina damuwar iyayen Amurka na wancan lokaci ba abin dariya ba ce, domin wasu mujallun da gaske sun wuce gona da iri, sai dai an haɗa mai laifi da marar laifi an yi musu kuɗin goro. Ka faɗi ɓangarorin biyu, kada yaro ya fita da tunanin cewa duk wanda ya tsawatar maƙiyi ne.

Yanzu ka kai su 1962, inda za su yi murna, domin nan ne mai jar fuskar ya fito, a mujallar Amazing Fantasy ta 15, daga hannun Stan Lee da Steve Ditko na kamfanin Marvel. Ka ba su labarin yadda yake, saboda a cikinsa sirrin farin jininsa yake. Peter Parker, wanda ya zama Sifaida, maraya ne ɗan sakandare a birnin New York, baffansa da matar baffan suka riƙe shi, ba shi da kuɗi, abokan karatu suna raina shi. Da ya sami ƙarfi sai ya fara neman kuɗi da suna da shi, har wata rana ɓarawo ya wuce ta gabansa ya ƙi tare shi, yana ganin ba ruwansa. Ɓarawon nan shi ya kashe baffan daga baya. Idan ka kai nan za ka ga ajin ya yi shiru, domin babu ƙauyen da ba maraya, kuma kowa ya san nauyin riƙo. Jaruman farko manya ne da ba sa kuskure. Wannan yaro ne mai nadama da bashin haya, shi ya sa matasa suka rungume shi. A 1963, shekarar da aka naɗa Alhaji Ado Bayero sarautar Kano, kamfanin ya fito da Iron Man da X-Men da Avengers. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Black Panther, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka da suka kira Wakanda, kuma a shekarar ce aka fara nuna Batman a talabijin cikin wasa mai barkwanci da ya shiga gidajen Amurka da yawa.

Sauran layin ka bi shi da ɗan sauri, tunda yaran sun riga sun kama yadda abin ke tafiya. A 1978 aka yi babban fim ɗin Superman da Christopher Reeve, wanda ya nuna cewa manya ma za su biya kuɗin silima don kallon irin wannan labari. A 1989 fim ɗin Batman ya fito, alamar jemage ta cika riguna da huluna, kuma wannan ya kamata ka jaddada, domin shi ne kakan jakunkunan da ke gaban allonka. A hannun hagu ka saka 1990, fitowar fim ɗin Hausa na Turmin Danya a Kano, da 1991, ƙirƙiro jihar Jigawa. A ƙarshen 1996 kamfanin Marvel ya durƙushe har ya nemi kariyar kotu saboda bashi, kuma a waɗannan shekaru ya sayar wa wasu kamfanoni izinin yin fim da manyan jarumansa. Yara kan yi mamakin jin cewa mai Sifaida ya taɓa karyewa. A 2002, shekara ɗaya bayan shigowar wayar salula Nijeriya, fim ɗin Spider-Man ya zama na farko da ya tara sama da dala miliyan 100 a Amurka a kwana ukun farko. Iron Man ya fito a 2008, a 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. A 2018 fim ɗin Black Panther ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya zama fim na jarumi irin wannan na farko da aka saka cikin takarar gwarzon fim a kyautar Oscar, ya kuma ci kyauta uku, ciki har da ta tsara tufafi. A 2019, ƙarshen tokarka, Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8.

Kafin a tashi ka ba kowane yaro tsakuwa biyar, ka ce su ajiye ɗaya a inda labarin ya shiga sabuwar hanya: takarda, rediyo, talabijin, silima, kasuwar tufafi da kayan wasa. Sai ka ba su lissafi. Taku nawa ne tsakanin fitowar Superman da babban fim ɗinsa? Arba'in. Tsakanin fitowar Black Panther a takarda da fim ɗinsa na kansa? Hamsin da biyu. Ka bar su su yi tunanin abin da ya sa na Afirkan ya fi daɗewa yana jira.

Zama na uku na maganar haƙƙi ne, kuma shi ne wanda na fi so iyaye su ji. Siegel da Shuster sun sayar da Superman kacokan a kan dala 130. Kamfanin ya yi ta tara dukiya, su kuma da suka kai ƙara suka rasa aikinsu, aka cire sunayensu daga mujallar, Shuster ya tsufa cikin rashi da ciwon ido. Sai a 1975, bayan surutu ya yi yawa a jaridu, aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mayar da sunayen. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na mujallar nan ta sent 10 a kan dala miliyan 6. Batman kuwa shekara da shekaru sunan Bob Kane kaɗai ake sakawa, alhali Bill Finger ya yi babban ɓangare na aikin. Ya rasu a 1974, ba a fara saka sunansa a hukumance ba sai 2015. Ɗan manomi ya san wannan labari tun kafin ka ba shi, domin ya ga wanda ya sayar da amfanin gonarsa da arha a kaka saboda matsi, ya dawo yana sayen irinsa da tsada a bazara. Ka tambaye su abin da ya kamata samarin nan su nema kafin su sa hannu a takarda.

A wannan zama kuma ka kawo maganar gida. A tsakiyar shekarun 1970 an buga wata mujalla mai suna Powerman musamman don kasuwar Nijeriya, jarumin baƙar fata ne amma masu zanen 'yan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a wannan sana'a. A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Legas, mai jarumi Guardian Prime. Roye Okupe ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A can Amurka ma, a 2014, Marvel ta ba wata yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, Kamala Khan, mujallarta ta kanta. 'Yan matan ajinka suna buƙatar jin waɗannan sunaye biyu na ƙarshe. Sai ka tambayi ajin duka: mu wa muke da shi? Za su kawo Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, za su kawo Gizo. Ka sa su kwatanta Gizo da Sifaida, tunda duk gizo-gizo ne tushensu: ɗaya yana amfani da wayonsa don cikinsa har ya jawo wa kansa, ɗaya kuma ya koyi amfani da ƙarfinsa don wasu bayan ya yi babban rashi. Muhawarar da ke tashi a nan takan cinye sauran lokacin, kuma ka bar ta ta ci.

A zama na huɗu yara za su yi nasu. Ka raba su huɗu huɗu, ka ba kowace ƙungiya takardar siminti a ja mata gida shida da gawayi. Ɗaya ya tsara labari, ɗaya ya yi zane, ɗaya ya rubuta maganganu da Hausa, ɗaya ya duba rubutun ya gyara ƙugiyar haruffa. Sharaɗin shi ne matsalar ta zama ta garin: rijiyar da ta ƙafe, ambaliyar da ta ci gonaki a gefen kogin Haɗeja, jan-baki da suka sauka a shinkafa, ɗan akuyar da ya faɗa kududdufi. Idan liman ya nuna a guji fuska, a zana mutum daga baya, ko da rawani da amawali, ko a yi inuwa kawai. Labarin ba ya raguwa. Kuma ka tabbata an rubuta sunayen duka huɗun a ƙasan takardar, kowa da aikin da ya yi, ka tuna musu da Bill Finger.

Akwai abubuwa uku da za ka kiyaye. Ka faɗa musu ƙarara cewa tashi da manne wa bango dabarar kwamfuta ce da igiyoyi, domin ƙananan cikinsu sukan gwada dirowa daga katanga ko reshen mangwaro. Idan wani ya kawo maganar Thor, ɗaya daga cikin jaruman Avengers, ka bayyana cewa an ɗauko shi ne daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na zamanin da suke bautar gumaka, kada ka bar kalmar "abin bauta" da ake kiransa da ita a fim ta zauna a kansu ba bayani. Sannan kada ka nuna musu fim a wayarka sai ka kalle shi kai kaɗai tukuna, domin da yawa an yi su ne don matasa da manya, akwai shiga da zubar da jinin da ba su dace da ɗan firamare ba.

Idan an gama, ka rataye takardun a igiya cikin aji, nesa da bango saboda gara, ka gayyaci iyaye ranar da kwamitin makaranta ke zama, kowace ƙungiya ta karanta nata da kanta. Kafin saukar damina ka naɗe su ka saka a leda a ofishin hedimasta, domin 'yan aji huɗu na baɗi su same su a zamansu na farko, a jera kusa da jakunkunan.